Wanka a sararin samaniya: lissafin da ke bayan gasar alatu a jiragen sama, da abin da ya shafi Nijar

Ɗakin kwana, wurin wanka, ƙofa mai rufewa, abinci a duk lokacin da mutum ya buƙata: manyan kamfanonin jiragen sama na duniya na ta zuba maƙudan kuɗi wajen ƙawata ƴan kujerun da ke gaba. A bayan wannan gasa akwai lissafin kasuwa da na siyasa, akwai kuma darasi ga ƙasashen Sahel da ke maganar kafa kamfanin jirginsu.

Duk wanda ya saba zaman fada da dare a Maradi, Damagaram ko Tawa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Ana jiran shayi na biyu, sai wani ya miƙo wayarsa. A ciki ga mutum ya shiga jirgi, an yi masa jagora zuwa ɗaki mai ƙofa, an ba shi kayan barci, an shimfiɗa masa gado. Can an jima sai ya ɗauki tawul ya nufi wanka, alhali jirgin yana nisan kilomita 12 daga ƙasa. Wasu su ce haɗin kwamfuta ne, wasu su yi dariya su ce wannan ya ci tasa aljannar tun a duniya.

Abin ba haɗi ba ne. Ɗaya daga cikin bidiyon da suka fi yawo, wani Ba'amurke mai suna Casey Neistat ne ya saka shi a YouTube a 2016, inda ya nuna kujerar kamfanin Emirates da ya ce kuɗinta ya kai dala 21,000. An kalle shi sau miliyoyi masu yawa, kuma tun daga lokacin ɗaukar irin wannan hoto ya zama sana'a. Hausawa na cewa hangen Dala ba shiga birni ba, kuma yawancin masu kallon sun san ba za su taɓa zama a wannan kujera ba. Duk da haka yana da kyau a san abin da ake sayarwa, da wanda ke biya, da dalilin da ya sa ƙasashe ke tsoma hannu a harkar.

Abin da ake sayarwa a gaban jirgi

Wanda ya fi kowa zurfafawa shi ne Etihad, kamfanin Abu Dabi. A watan Disambar 2014 ya fito da abin da ya kira The Residence a cikin jiragensa ƙirar Airbus A380, masu hawa biyu. Ɗakuna uku ne a gaban benen jirgin: falo, ɗakin kwana mai gadon mutum biyu, da banɗaki mai wurin wanka, duka a fili mai faɗin murabba'in mita 11 da rabi. Fasinja ɗaya ko biyu kaɗai yake ɗauka. A farko har da hadimi na musamman da aka horar a otal ɗin Savoy na Landan. Lokacin da aka fara sayar da shi tsakanin Abu Dabi da New York, tafiya ɗaya ba dawowa ta kai dala 32,000, wato kusan sefa miliyan 18. Ma'aikacin da ke karɓar albashi mafi ƙanƙanta a Nijar, jika 42 a wata, sai ya yi fiye da shekara 35 yana aiki bai ci ko dala ba kafin ya tara kuɗin. Tafiyar kuwa awa 14 ce, kusan lokacin da bis ke ɗauka daga Yamai zuwa Damagaram.

Emirates na Dubai shi ya fara kawo wanka cikin jirgin fasinja, a 2008. A jiragensa A380 akwai ɗakunan wanka biyu domin fasinjoji 14 na ajin farko. Kowa na da minti 30 a ɗakin, amma ruwan minti 5 ne kacal, kuma akwai ma'auni a bango da ke nuna abin da ya rage. Dalili shi ne ruwa nauyi ne, nauyi kuma mai yake sha. A 2017 kamfanin ya fito da wasu ɗakuna shida a jiragensa Boeing 777, masu bango daga ƙasa har rufi. Na tsakiya ba su da taga, sai aka saka musu allon da ke nuna kai tsaye abin da kyamarorin waje ke ɗauka.

Singapore Airlines, wanda ya fara ɗaukar fasinja da A380 ranar 25 ga Oktoba 2007 daga Singafo zuwa Sidni, ya sabunta ɗakunansa a 2017: guda shida, kowane da gadonsa daban da kujerarsa daban, kuma ana iya cire bangon da ke tsakanin biyu a haɗa gado ɗaya domin miji da mata. Air France kuwa a watan Maris na 2025 ya nuna sabon ajinsa na La Première: ɗakuna huɗu kacal a jirgi, kowane da tagogi biyar. Tikitin zuwa da dawowa tsakanin Paris da New York kan kai yuro 10,000 ko ya wuce, fiye da sefa miliyan 6 da rabi ke nan.

Alatun tun daga ƙasa yake farawa. A Frankfurt, Lufthansa na Jamus yana da gini na musamman tun 2004 domin ƴan ajin farko, inda ake duba fasfo ba layi, sannan a ɗauki mutum a mota har gindin jirgi. Idan aka lura, babban abin da ake saye a nan shi ne kuɓuta daga jira da cunkoso, abubuwa biyun da kowane matafiyi ya sani.

Waɗanda tafiyar kanta ce burinsu

Akwai wani rukuni na masoya jirgi da inda za a sauka bai dame su ba. A watan Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ta rufe iyakoki, Qantas na Ostareliya ya shirya tafiyar awa 7 da ta tashi daga Sidni ta yi shawagi ta dawo Sidni. Tikitin ya ƙare cikin minti 10.

Wasu tsawon tafiya suke nema. Mafi tsawo a yau ita ce ta Singafo zuwa New York, fiye da kilomita 15,000, awa 18 da wani abu ba sauka. Jirgin, Airbus A350 na musamman, kujeru 161 ne a cikinsa, kuma babu ajin gama-gari ko kaɗan. Qantas na shirin wuce wannan da tafiya kai tsaye daga Sidni zuwa Landan, wadda za ta iya kai awa 22.

Wasu kuma so suke su ji yadda rashin nauyi yake. A Bordo, kudancin Faransa, kamfanin Novespace na da wani Airbus A310, wanda a da shugabannin Jamus ke hawa, da ke tashi sama da ƙarfi sannan ya sako kai, ta yadda fasinjoji ke yawo a iska na daƙiƙa 22 kowane karo. Masu kuɗin da ya fi haka suna da jirgin otal-otal na Four Seasons mai kujeru 48, wanda ke zagaya duniya cikin kusan mako uku a kan kuɗin da ya kai dala 200,000 kowane mutum. Can ƙololuwa kuma akwai kumbon Blue Origin na attajiri Jeff Bezos, wanda ya riƙa wuce nisan kilomita 100 ya dawo cikin minti 11, da Virgin Galactic da ya sayar da kujera har dala 600,000 kafin ya dakatar da tashi a watan Yunin 2024.

Sai dai a wurin tsofaffin masoya jirgi, babu kamar Concorde. Jirgi ne siriri mai kujeru 100 da Faransa da Ingila suka ƙera tare, mai ninka gudun sauti, wanda ke haɗa Paris da New York cikin awa 3 da rabi. Tafiyarsa ta farko da fasinja a ƙarƙashin Air France, ranar 21 ga Janairu 1976, ta yada zango a Dakar kan hanyarta ta zuwa Riyo ta Brazil. Guda 14 kacal suka yi aikin ɗaukar fasinja. Shan mai, ƙara, da tsadar gyara sun hana shi yaɗuwa; haɗarin Gonesse na 25 ga Yuli 2000, wanda ya kashe mutum 113, ya ƙara raunana shi, aka ajiye shi a 2003. Tarihin Concorde na nuna cewa alatun da gwamnatoci suka ɗauki nauyinsa domin alfahari yana da ranar ƙarewa idan lissafi bai fita ba.

Lissafin kasuwa

Me ya sa kamfanoni ke wannan gasa? Amsar farko tana cikin alƙaluman ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. A 2024, fasinjojin ajin farko da na ajin ƴan kasuwa a tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa sun kai kusan miliyan 117, kashi 6 cikin 100 ke nan na jimillar, kuma yawansu ya ƙaru da kusan kashi 12 cikin 100 a shekara guda. Ba su da yawa, amma kowane ɗayansu na biyan kuɗin kujeru uku, huɗu ko biyar na baya, wani lokaci fiye. A doguwar tafiya, ribar jirgi sau da yawa daga gaban labule take fitowa. Shi ya sa Emirates ya ware kusan dala miliyar 5 domin sabunta cikin jiragensa fiye da 200.

Amsa ta biyu ta fi wannan dabara. Idan aka duba, kujerun ajin farko raguwa suke yi, alatunsu ne ke ƙaruwa: huɗu a Air France, shida a Singapore Airlines, ɗaya tilo a The Residence. Kamfanoni da yawa ma sun soke ajin farko gaba ɗaya, sun koma inganta na ƴan kasuwa. Qatar Airways ya nuna hanya a 2017 da kujerarsa Qsuite mai ƙofa, yau kuma da yawa sun bi sahu. Ƴan ɗakunan da suka rage aikinsu na talla ne. Bidiyon wankan da ake kallo a fada yana sa sunan kamfanin ya zauna a kan mutum, ranar da zai sayi tikitin baya zuwa Dubai ko Guwanzu sai ya tuna da shi. Haka kuma da yawa daga cikin masu ɗaukar hoton ba da tsabar kuɗi suka biya ba: maki ne suka tara ta katin banki ko ta yawan tafiya, wasu kuma kamfanin ne ya gayyace su.

Ko A380 ɗin da ya ba da filin yin duk wannan, kasuwa ba ta karɓe shi yadda aka zata ba. Airbus ya daina ƙera shi a 2021 bayan ya miƙa guda 251, kuma 123 daga ciki Emirates ne ya saya. Sauran kamfanoni sun fi son jirage masu inji biyu, da ba su shan mai sosai kuma sun fi sauƙin cikawa.

Lissafin siyasa

Ba mamaki ba ne da aka ga zakarun wannan gasa sun fito daga Dubai, Abu Dabi, Doha da Singafo. Ƙananan wurare ne da ba su da tafiye-tafiyen cikin gida, don haka rayuwar kamfanoninsu ta dogara ne ga masu ratsawa: wanda ya taso daga Turai zai je Asiya, ko daga Afirka zai je Sin. Kafin a shawo kan mutum ya bar jirgin da zai kai shi kai tsaye ya yarda ya sauya a tsakar dare, sai an ba shi wani abu, ko araha ko jin daɗi. Kamfanonin nan mallakar gwamnatocinsu ne, ko kuma gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka. Jirgin na kawo baƙi, baƙin na cika otal da kasuwa, sunan ƙasar kuma na zagaya duniya a jikin jirgi da rigunan ƴan ƙwallo. Turkiyya ma wannan hanya ta bi da Istanbul, Habasha da Adis Ababa, Maroko da Kasablanka, kuma ta waɗannan ƙofofi uku ne matafiyan Nijar da yawa ke fita duniya a yau.

Hayaƙi da haraji

Akwai kuɗin da ba ya fitowa a jikin tikiti. Jiragen sama na fitar da kusan kashi 2 da rabi cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, kuma ba kowa ke da hannu a ciki daidai ba. Wani binciken Bankin Duniya na 2013 ya ƙiyasta cewa kujerar ajin ƴan kasuwa na da alhakin hayaƙi kusan ninki uku na kujerar baya, ta ajin farko kuma har ninki tara, saboda filin da take ci. Wani binciken na 2020, wanda Stefan Gössling da Andreas Humpe suka yi, ya nuna cewa a 2018 kashi 11 cikin 100 na mutanen duniya ne kawai suka hau jirgi, kuma kashi 1 cikin 100 ne ke da alhakin rabin hayaƙin jiragen fasinja.

Mutanen Sahel na cikin waɗanda ba su hau ba, amma suna sahun gaba wajen ɗanɗana sauyin yanayi. Damunar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1 da rabi, ta kuma rusa tsohon masallacin Birni na Damagaram. Babu mai cewa wankan wani a sama ne ya kawo ambaliya, amma masana sun nuna cewa ɗumamar duniya na ƙara wa irin wannan ruwa ƙarfi.

Daga nan ne maganar haraji ta taso. A ƙarshen Yunin 2025, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kuɗin raya ƙasa da aka yi a Sebil ta Sifen, ƙasashe takwas, ciki har da Faransa, Kenya, Benin, Saliyo da Somaliya, sun kafa ƙawance domin ɗora haraji a kan kujerun alfarma da jiragen masu zaman kansu. Faransa ta riga ta ƙara nata tun 1 ga Maris 2025: yuro 40 a kan kujerar baya a doguwar tafiya, yuro 120 a kan ta gaba, har zuwa yuro 2,100 a kan fasinjan jirgin haya na musamman. Tunanin ba baƙo ba ne a gare mu. Asalin harajin na Faransa tun 2006 ne, zamanin Jacques Chirac, domin tallafa wa asusun Unitaid mai sayen magungunan sida, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗora irinsa a lokacin.

Kamfanonin jirage na adawa da sabon harajin, suna cewa kujerun gaba ne ke sauƙaƙa kuɗin na baya, idan aka matse su talaka ne zai ji a jikinsa. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya a hanyoyin da ba su da fasinja da yawa. Amma wanda ya iya biyan yuro 10,000, yuro 120 ba zai hana shi tafiya ba. Abin da ya fi dacewa ƙasashen Afirka su sa wa ido shi ne inda kuɗin za su tafi: baitulmalin ƙasar da ta karɓa, ko ƙasashen da ruwa da fari ke ci.

Idan aka hango daga filin jirgin Diori Hamani

A nan gida, maganar ta sha bamban. Afirka na da kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen duniya, amma rabonta a zirga-zirgar jiragen sama kusan kashi 2 ne. Tikiti tsakanin manyan biranen Afirka ta Yamma guda biyu kan yi tsada kamar na zuwa Turai, kuma sau da yawa sai an sauya jirgi a Lome ko Abijan. Dalilan sanannu ne: fasinja kaɗan, man jirgi mai tsada, haraji da kuɗaɗen filin jirgi masu nauyi, da ƙasashen da ke kare sararinsu daga kamfanonin maƙwabta. An amince da buɗe sararin nahiyar tun yarjejeniyar Yamusukuro ta 1999, Tarayyar Afirka ta sake ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya a Janairun 2018, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya.

Filin jirgin Yamai kansa sabo ne. Kamfanin Summa na Turkiyya ya sake gina shi a kan yuro miliyan 154, kusan sefa miliyar 101, aka buɗe shi a watan Yunin 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, da sharaɗin kamfanin zai riƙe shi shekara 30 ya mayar da kuɗinsa. Wannan mayarwa daga kuɗin shigar filin take fitowa, wato a ƙarshe daga aljihun matafiyi.

Siyasa ma ta sauya taswirar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an rufe sararin samaniyar Nijar na kusan wata guda, Air France ya dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta, a watan Satumba kuma hukumomi suka haramta wa jiragen Faransa ratsa sararin ƙasar. Tafiyar Paris da a da ba ta kai awa 6 ba, ta koma ta yini guda ko fiye, ta Kasablanka, Istanbul ko wani wuri. Ɗalibai, marasa lafiya da ƴan kasuwa ne suka fi jin wannan bambanci.

Akwai kuma wani abin da ya kamata a bi da kyau. A watan Disambar 2024 shugabannin CEDEAO sun amince a soke wasu haraji a kan tikitin jirgi, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100, daga 1 ga Janairu 2026. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairu 2025. Idan maƙwabta suka aiwatar da ragin da gaske, ƙasashen AES kuma ba su ɗauki makamancinsa ba, ɗan kasuwar Maradi ko Damagaram, wanda Kano ta fi masa Yamai kusa, zai ƙara samun dalilin tsallaka iyaka ya hau jirgi a can.

Ga yawancin masu karanta wannan shafi, tafiyar da ake buri a jirgi guda ɗaya ce, ita ce ta zuwa Makka. Mutum kan yi shekaru yana tara fiye da sefa miliyan 3, ya sayar da shanu ko fili. Abin da yake roƙo a ranar tafiya bai wuce a faɗa masa lokacin tashi ba, kuma lokacin ya tabbata, kada tsoho ya kwana a tabarma yana jiran jirgi.

Darasin Air Afrique da na Emirates

Ƙasashen AES sun sha ambata aniyarsu ta kafa kamfanin jirgi na haɗin gwiwa. Buri ne mai ma'ana ga ƙasashe uku masu faɗi da ba su da teku, inda daga Yamai zuwa Difa ya wuce kilomita 1,300 kuma wasu hanyoyin mota ba su da tsaro. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Nijar na cikin ƙasashe 11 da suka kafa Air Afrique a Yawunde a 1961. Kamfanin ya yi suna, ya kai Paris da New York, ya zama abin alfaharin yankin. Abin da ya kashe shi a 2002 sananne ne: ma'aikata fiye da 4,000 a kan jirage ƴan ƙalilan, naɗe-naɗen siyasa, gwamnatocin da ke hawa ba su biya, da faɗuwar darajar sefa a 1994 da ta ninka bashinsa na waje, har masu bin bashi suka karɓe wasu jiragensa a 1998.

Ethiopian Airlines ma na gwamnati ne, amma ya tsira daga sarauta, mulkin soja da yaƙi saboda an bar ƙwararru su tafiyar da shi. ASKY na Lome, wanda ya fara tashi a 2010 da taimakon Ethiopian, ya ginu ne a kan gajerun hanyoyin yankin, bai fara da hangen Turai ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Daga wannan tarihi, tambayoyin da ya kamata ƴan ƙasa su yi wa duk wani sabon kamfani ba su da wuya. Wane irin jirgi za a saya, babba na nuna isa ko ƙarami mai kujeru 70 da zai iya sauka Maradi, Tawa, Agadas da Difa sau da yawa a mako? Wa zai naɗa shugabansa, kuma a kan wane ma'auni? Ma'aikatun gwamnati za su biya tikitinsu kafin tashi, ko za a rubuta bashi? Za a riƙa bayyana wa jama'a sau nawa jirgi ya tashi a kan lokaci? Kuma tun da kujerun gaba ne ake magana, wace doka ce ke fayyace ajin da jami'i zai hau idan baitulmali ne ke biya?

Shi kansa Emirates ɗin da ake kallo a waya, a watan Oktoban 1985 ya fara, da jarin dala miliyan 10 da jirage biyu na haya daga kamfanin Pakistan, yana jigila tsakanin Dubai, Karachi da Bombay, hanyar ƴan ƙwadago da ƴan kasuwa. Sai da ya shekara 23 yana wannan aiki kafin ya saka wurin wanka a jirgi.